Farin Dakota da tsadar fulawa a Tsaskiya

A tsakiyar watan Yulin 2021, shugaban Najeriya na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya je Dutsin-Ma a jihar Katsina, inda ya buɗe aikin ruwan sha na madatsar Zobe, da kuma hanyar mota mai tsawon kimanin kilomita 50 wadda ta tashi daga Dutsin-Ma zuwa Tsaskiya a ƙaramar hukumar Safana.

Kwanaki kaɗan kafin bikin, ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta fitar da wani rahoto a birnin Washington, wanda da wuya a ce wani a Tsaskiya ya ji ɗuriyarsa. Rahoton ya ƙiyasta cewa alkamar bazara da manoman arewacin Amurka za su girbe a shekarar za ta ragu da kashi 41 cikin ɗari saboda fari.

A lokacin ko lauje ba a sa wa alkamar ba tukuna. Amma kafin shekarar ta ƙare, buhunan fulawar da ke isa kasuwannin Safana da Batsari sun zo da sabon farashi, mai shayi ya rage kaurin yankan burodi, mai fanke kuma ta rage girman abin da take tsomawa a mai.

Alkamar da ake shukawa bayan sanyi

A ƙasashe masu tsananin sanyi, noman alkama iri biyu ne. Akwai wadda ake shukawa kafin hunturu, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, a girbe ta a watan Yuni ko Yuli. Akwai kuma wadda ake jira sai ƙanƙara ta narke a shuka ta a watan Afrilu ko Mayu, a girbe ta a Agusta zuwa Satumba. Wannan ta biyu ita ake kira alkamar bazara, kuma cibiyar nomanta a nahiyar Amurka ita ce jihohin Dakota ta Arewa da ta Kudu da Montana da Minnesota, sai lardunan Saskatchewan da Alberta da Manitoba a Kanada.

Darajarta a wurin masu injinan niƙa ita ce ƙarfinta. Tana da sinadarin gina jiki fiye da sauran, shi ne ke sa ƙulli ya yi danƙo, burodi ya tashi ya cika gwangwani. Don haka ake gauraya ta da alkama mai rauni, mai rahusa, domin a samu fulawar da masu gidajen burodi za su yarda da ita.

Kusan duk nomanta na ruwan sama ne, kamar geron Katsina. A 2021 ƙasar ta fito daga hunturu a bushe, ruwan shuka bai wadata ba, sannan a ƙarshen watan Yuni aka yi wani zafi da ba a saba gani ba, har wani ƙauye mai suna Lytton a yammacin Kanada ya kai maki 49.6 a ma'aunin Salshiyos. Zafin ya riski alkamar daidai lokacin da take fitar da kai. Duk manomin da ruwa ya taɓa ɗauke masa gero na cikin bununi ya san abin da hakan ke nufi.

Fari mai lissafi

Abin lura a nan shi ne yadda ake ƙirga fari a can tun yana tafe.

Kowace Litinin a lokacin noma, ma'aikatar aikin gona ta Amurka kan bayyana halin da amfanin gona ke ciki jiha bayan jiha: kashi nawa ne ya yi kyau, kashi nawa ne ya lalace. Kowace Alhamis kuma akan fitar da taswirar fari ta ƙasar baki ɗaya. Sau ɗaya a wata sai babban rahoto kan abin da ake sa ran girbewa, da abin da ya saura a rumbuna, a Amurka da sauran ƙasashen duniya.

A ƙarshen Yulin 2021, rahoton Litinin ya nuna cewa kimanin kashi 10 cikin ɗari ne kawai na alkamar bazara ke cikin hali mai kyau, alhali a daidai wannan lokaci a shekarar da ta gabata adadin ya kusa kashi 70. A cikin makon ne kuma ayarin 'yan kasuwa da masu niƙa da masana suka bi gonakin Dakota ta Arewa kamar yadda suka saba, suna tsayawa suna ƙirga zangarniya da ƙwayoyin da ke jikinta. Sun ƙiyasta bushal 29.1 a kowace eka, maimakon kimanin 43 da aka saba samu. Bushal mudu ne na Amurkawa mai ɗaukar kilo 27 na alkama, wato a lissafin buhu mai kilo 100, hektar da kan ba da buhu 29 ta koma ba da buhu 20.

Da aka kammala girbi, Amurka ta samu tan miliyan 9 na alkamar bazara, daga tan miliyan 16 a 2020, girbi mafi ƙaranci tun farin 1988. A Kanada, hukumar ƙididdiga ta ce alkama ta ragu da kashi 38 da ɗoriya, zuwa tan miliyan 21.7.

To amma kasuwa ba ta jira girbin ba. A kasuwar hatsi ta Minneapolis, wadda aka kafa tun 1881, cinikin da ya fi yawa shi ne na alkawari: a yanke farashi yau, a kawo kaya bayan wata uku ko shida. Manoman karkarar Katsina sun san mai kama da wannan, wato falle, inda mutum kan karɓi kuɗi da damina a kan zai biya da damin hatsi da kaka. Bambancin shi ne mai cin falle yakan yi ne don yunwa ta matsa masa, kuma mai kuɗi ne ke yanke farashi. A Minneapolis kuwa, mai saye da mai sayarwa duk rahoto ɗaya suka karanta, a rana ɗaya, a sa'a ɗaya.

Bushal ɗin da aka fara shekarar ana sayar da shi kimanin dala 6 ya haura dala 10 kafin ƙarshenta. Mafi yawan wannan tashi ya faru ne a kan ƙiyasi, ba a kan buhun da aka auna ba.

Ba wannan ne karon farko ba. A watan Fabrairun 2008, da alkamar bazara ta yi ƙaranci, bushal ya haura dala 20 a wannan kasuwa. A 2010 kuma, da fari da gobarar daji suka cinye gonakin Rasha, gwamnatin ƙasar ta hana fitar da hatsi daga watan Agusta, farashi ya yi sama a ko'ina.

Daga Apapa zuwa bakin Rugu

Najeriya ba alkamar bazara ta fi saye daga Amurka ba, ta fi sayen alkamar hunturu ta yankin Kansas, tana kuma saye daga Kanada da Rasha da ƙasashen Turai irin su Lithuania da Latvia. Sai dai alkama a kasuwar duniya kamar shanu ne a kara: idan manyan bijimai suka yi tsada, mahauta sai su koma kan matsakaita, su ma farashinsu ya tashi. Ga shi a shekarar girbin Rasha ma ya ragu, ta kuma sa haraji kan alkamar da ake fitarwa, kuɗin dakon jiragen ruwa ya hau. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce farashin alkama a 2021 ya ɗara na 2020 da kimanin kashi 31 cikin ɗari.

Babban Bankin Najeriya ya bayyana a shekarar cewa ƙasar na buƙatar tan miliyan 5 zuwa 6 na alkama a shekara, tana kashe kimanin dala biliyan 2 wajen shigo da ita, kuma abin da ake nomawa a gida bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da bakin tayawa.

Alkamar kan sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Fatakwal da Kalaba, a biya mata harajin kashi 5 da ƙarin kashi 15, ta shiga injinan 'yan kamfanoni ƙalilan, waɗanda manyansu su ne Flour Mills of Nigeria da Olam da BUA. Daga nan tirela ta ɗauko fulawa ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu zuwa Kano ko Katsina, dillali ya sauke, ƙaramar mota ta kai Dutsin-Ma ko Batsari, ɗan tireda ya buɗe buhu ya sayar da kwano-kwano. Kowane zango da nasa ƙarin. Wanda ke ƙarshen hanya shi ke biyan duka.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Tsaskiya da alkama, shi da tuwon dawa da furar gero suka rene shi? Gaskiya ne hatsin gida shi ne ginshiƙi. Alkama dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, an daɗe ana nomanta a fadamu da jigo, ana yin alkaki da finkaso da gurasa da taliya, amma abincin sarakuna ne da na biki. Fulawar kamfani ce ta mayar da ita abincin talaka: shayi da burodi na leburori, taliyar murji da yara ke talla, fanke da cincin da matan aure ke soyawa a cikin gida su samu na sabulu da na adashi. Ga irin waɗannan mata, ƙarin naira ɗari a kan kwanon fulawa shi ne ribar yini guda.

Fari na biyu

A shekarar da Dakota ta bushe, damina ba ta yi wa yankin Sahel daɗi ba. Ruwa ya yi ta yankewa, ya kuma ɗauke da wuri. A Jamhuriyar Nijar, wadda jihar Maraɗinta ke maƙwabtaka da Katsina, hatsin da aka girbe a 2021 ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Idan Maraɗi ta rasa gero, 'yan kasuwa kan nufi Jibiya da Dawanau, farashi kuma ya tashi wa kowa, ciki har da manomin da ya sayar da nasa da arha tun kaka.

A Safana da Batsari akwai abin da ya fi ƙarancin ruwa ɓarna. Ƙananan hukumomin biyu suna bakin dajin Rugu ne, inda 'yan bindiga suka yi sansani shekara da shekaru. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutane kimanin 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari a dare ɗaya. Manoma da dama sun bar gonakinsu na nesa, waɗanda galibi su ne manya, suka koma noman bayan gida. Shanun huɗa an kore su, ko an sayar an biya kuɗin fansa. Gonar da ba a shuka ba, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, sakamakonta ɗaya.

A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Batsari da Safana, ta kuma rufe wasu hanyoyi. A watan Satumba aka katse layukan wayar salula a yankin, ba a maido da su ba sai bayan watanni. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun abinci da mai da labari. Amma matakin ya zo da nasa: a daidai watannin da ɗan kasuwa a Minneapolis ke ganin farashi na sauyawa a kwamfutarsa daƙiƙa bayan daƙiƙa, manomi a Tsaskiya ba ya iya kiran ɗan uwansa a Katsina ya ji nawa ake sayar da tiyar gero, ba ya kuma iya kai akuya kasuwa ya sayi hatsi, wanda shi ne abin da magidanci ya saba yi idan rumbu ya yi ƙasa.

Shi kuwa manomin Dakota, farin ya taɓa shi, wasu ma sun yanke alkamarsu ɗanya suka mayar da ita harawa. Amma mafi yawansu suna da inshorar amfanin gona wadda gwamnati ke biyan kimanin kashi 60 cikin ɗari na kuɗinta, ɗan abin da suka girbe kuma sun sayar da shi da tsada. Ƙiyasin da ya tayar da farashi shi ne ya rage masa asara. Najeriya ma tana da hukumar inshorar aikin gona, NAIC, tun 1987, sai dai mafi yawan aikinta ya ta'allaƙa ne ga masu karɓar bashin banki, mai noman gero don ci kuwa ba ya cikin lissafi.

Wa ya san adadin?

Ba a ce babu masu ƙoƙarin ƙirgawa a Najeriya ba. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kan zagaya jihohi ta fitar da rahoton yadda damina ta kasance. Amma sau ɗaya ne a shekara, yakan fito ana cikin kaka, kuma ba a shirya shi don ya isa kunnen mai sayar da dami biyar a kasuwar ƙauye ba. Ƙidayar manoma ta ƙasa da aka yi a 2022 ita ce ta farko cikin kusan shekara 30.

Alkama kanta ta isa misali. Akwai lokacin da jami'an gwamnati ke cewa Najeriya na noma sama da tan 400,000 a shekara. Babban Banki ya ce tan 63,000 ne. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta shiga jihohi 13 na arewa, ciki har da Katsina, ta auna noman 2021, abin da ta samu bai kai tan 37,000 ba, Kano ce kan gaba, Jigawa na biye. Tsakanin adadi na farko da na ƙarshe akwai ninki goma. Amurkawa kuwa sun ƙiyasta tan miliyan 9.4 a watan Yuli, suka girbe miliyan 9.

Inda babu ƙiyasin da kowa ya yarda da shi, ba a rasa masu ƙiyasi ba. Manyan 'yan kasuwar hatsi suna da yaransu a kasuwannin ƙauye, suna da abokan hulɗa a Maraɗi da Damagaram, sun san inda ruwa ya yanke tun watan Agusta. Su kan saya da kaka, su kulle a sito, su buɗe da bazara. Ana yawan zarginsu da ɓoye abinci, kuma akwai masu yin hakan, amma babban jarinsu shi ne sun san abin da manomi bai sani ba.

Farashi ya sauka a can, bai sauka a nan ba

Farin 2021 ya rage abin da ke rumbunan manyan ƙasashe masu fitar da alkama, shi ya sa da Rasha ta mamaye Yukiren a watan Fabrairun 2022 kasuwa ba ta da abin tarewa. Bushal ya haura dala 12 a Chicago cikin watan Maris, Indiya kuma ta hana fitar da tata a watan Mayu bayan zafi ya ƙona mata gonaki. A watan Yuli ƙungiyoyin masu gidajen burodi a Najeriya suka yi yajin aikin gargaɗi kan tsadar fulawa da sukari da man dizal.

Daga nan abin ya juya. Ruwa ya dawo Dakota, girbin alkamar bazara na Amurka ya koma kimanin tan miliyan 13 a 2022, Rasha ta yi girbi mafi yawa a tarihinta, kuma zuwa 2024 bushal ya sauko ƙasa da dala 6.

A Najeriya kuwa buhun fulawa ya ci gaba da hawa, har ya ninka farashin farkon 2021 sau uku ko fiye. Dalar da ake saye naira 410 a farashin gwamnati a ƙarshen 2021 ta haura naira 1,500 a 2024, bayan gwamnatin Bola Tinubu ta sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, ga kuma cire tallafin man fetur da ya ƙara kuɗin mota. A watan Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa suka yi zanga-zanga a Kano. A tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari, har gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da alkama da masara da wake da shinkafa na tsawon kwana 150.

Wannan na nuna cewa ɗora wa fari ko yaƙin wata ƙasa dukkan laifi hanya ce mai sauƙi ga mahukunta. Fari a Dakota yana zuwa ya wuce cikin shekara guda. Raunin naira da tsadar dako da rashin tsaro a gonaki ba sa wucewa da saukar ruwan sama.

Ruwan Zobe

Duk lokacin da alkama ta yi tsada akan farfaɗo da batun noma ta a gida. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka zuba kuɗi a Kadawa da Bakolori, amma fasa-ƙwauri ya cika kasuwa, aka janye haramcin bayan kimanin shekara biyar. Babban aikin ban ruwa na kudancin Tafkin Chadi, wanda aka gina domin alkama, ruwa ne ya janye ya bar magudanansa a bushe bayan farin shekarun 1980. A watan Nuwamban 2021 Babban Banki ya ƙaddamar da sabon shiri a jihar Filato da irin da aka sayo daga Mexico. A Nuwamban 2023 aka sake ƙaddamar da wani a yankin Haɗeja na jihar Jigawa, da rancen dala miliyan 134 daga Bankin Raya Afirka, inda gwamnati ke biyan rabin kuɗin iri da taki.

Alkamar ƙasar Hausa ta rani ce, ba ruwan sama take jira ba. Buƙatarta biyu: ruwan da damina ta bari a madatsa ko a ƙarƙashin fadama, da sanyin hunturu. Ana so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Idan iri da taki suka makara zuwa Janairu, kamar yadda manoma suka sha kokawa, sai ta fitar da kai cikin zafin Maris, ƙwayar ta motse, daidai abin da ya sami ta Dakota.

Madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, an tsara ta ne ta shayar da kimanin hekta 8,000. Ta shafe shekaru masu yawa tana riƙe da ruwa ba tare da an kammala magudanan da za su kai shi gonaki ba. Ko da a ce an shuka dukkan hektocin nan da alkama, an samu tan uku a kowace hekta, abin da za a girbe tan 24,000 ne, wato abin da Najeriya ke ci cikin kwana biyu. Ba zai sauya farashi a Legas ba. Zai iya sauya rayuwar ƙauyukan Dutsin-Ma da Safana, inda matasa ke tafiya cin rani da zarar an kai dawa rumbu.

A 2025 an ƙulla sulhu tsakanin al'ummomi da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomin yankin, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana, kuma an ba da rahoton cewa manoma sun koma wasu gonakin da suka daɗe da bari. An yi irin wannan sulhu a 2016 da 2019, duka biyun suka wargaje. Noman alkama kuwa yana buƙatar mutum ya je gona duk mako ya yi ban ruwa, har tsawon kusan wata huɗu, da injinsa da jarkar mansa a fili.